Koren Labulen da Bai Rufe Taga ba

Ba a gama gidanmu na Jikwoyi ba muka shiga. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka labarin wani katafaren gida zan bayar. Ɗaki biyu ne da falo, an yi shafe an yi fenti daga ciki, waje kuwa bulo ne tsirara. Mai gidan da muke haya a Karu ya sake ƙara kuɗi, mijina ya fusata, ya ce gara ya kwana a nasa ko da babu ƙofa. Ƙofa dai akwai ta, har da makulli mai kyau. Abin da babu shi ne labule.

Mijina mutum ne mai son iska, don haka tagogin da ya sa aka buɗe manya ne ƙwarai, kuma kowace da girmanta, yadda magini ya ga dama ranar da ya zo kanta. Labulayen da muka taso da su daga gidan haya ba su rufe ko rabin taga ɗaya ba. Na ninke su na bai wa wata 'yar'uwata, na ce masa ranar Asabar zan shiga kasuwar Karu wajen mai labulena.

A nan muka fara gardama. Shi dai a duniya ba abin da yake so kamar sayayya ta waya. In ka bar shi, gishiri ma ta intanet zai saya. Mu biyu duk ma'aikatan gwamnati ne, kullum tare muke fita da sassafe mu shiga cunkoson Nyanya, ni ina tuƙi ina masifa da 'yan tasi, shi yana gefe yana latse-latse. Kafin mu kai cikin gari ya sayi wani abin da ba wanda ya aike shi. An taɓa kawo masa takalmi ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma. An taɓa kawo butar shayi da filoginta bai shiga ko wane soket na gidanmu ba. Duk bai horu ba. In na yi magana sai ya ce ni 'yar zamanin da ce, in ban taɓa abu na shinshina ba ba na yarda akwai shi. Gaskiya ya faɗa kuwa, haka nake.

Wannan karon ya ga wani labulen naɗi, irin wanda ake jan siririyar sarƙa a gefe ya naɗe sama, a sake ja ya sauko, kamar na ofisoshi. Ka tura awon tagarka, a yanka maka daidai a can wata ƙasa, a kawo maka har ƙofa. Ni ma ban ƙi irinsa ba, amma na ce mai labulena yana yi, kuma shi zai zo da ƙafarsa ya auna, ya ɗaura, in ya karkace in same shi a shagonsa in sauke masa abin da ke bakina. Wa zan je in samu a cikin waya?

Mai labulen nan dattijo ne ɗan ƙasa, Gbagyi, wanda aka haifa a nan tun wurin yana gonaki. Shi ya yi mini labulen gidan haya, kuma duk sallah sai ya aiko a gaishe ni. Da na ji mijina ya ce, "To, kira shi ya zo ya auna," na ɗauka na yi nasara. Har wani daɗi na ji.

Ya zo ranar Asabar da hantsi, tef ɗinsa rataye a wuya, da kundin yankakken yadi na gwaji a hammata. Ya bi gidan taga-taga. Yana auna yana faɗin lamba da ƙarfi, mijina yana biye da shi yana rubutawa a waya. Na ga dattijon ya ɗan tsaya ya dubi wayar sau ɗaya, sannan ya ci gaba. Na ba shi zoɓo mai sanyi ya sha, ya nuna mini kaloli, na zaɓi ruwan ƙasa. Mijina ya raka shi bakin hanya yana cewa, "Za mu neme ka, Baba, za mu neme ka."

Yana dawowa ya faɗa kujera yana dariya. "Ga awo mun samu na ƙwararre, ko sisi ba mu biya ba."

Sai a lokacin na gane. Na ce, "Kai yanzu mutumin nan ka sa ya bar shagonsa ya hau babur ya zo har nan don ka kwashi lamba?"

"Kowa haka yake yi. Ai ya sha zoɓo."

Na yi faɗa, ya bar ni na gama, sannan ya miƙo mini wayar in ga kalar da ya zaɓa. Kore ne, irin koren ɗanyen mangwaro. Na ce Allah ya kiyaye, gidan zai koma kamar ɗakin allura na asibitin gwamnati. Ya ce ban gane ba. A ƙauyensu can wajen Zariya akwai bishiyar mangwaro a ƙofar gidan babansa, a ƙarƙashinta ya yi duk karatun allonsa. Ya ce in rana ta bugi labulen nan da yamma, ɗakin zai yi haske irin na gindin bishiyar, sai in zo in ba shi haƙuri. Na ce ranar ba za ta zo ba. Ya danna ya biya a gabana, yana kallona yana murmushi don ya ƙara ba ni haushi.

An ce sai an yi makonni kafin kayan su iso. Na ciro zannuwan atamfa daga akwati, muka kafa ƙusoshi muka rataya a tagogin kafin nan. Shi ya hau kujera, ni ina miƙa masa guduma ina ce masa ya karkata. Ba a yi mako biyu ba ya faɗi a masallacin ofishinsu bayan sallar azahar. Hawan jini ne, ya daɗe yana da shi yana wasa da magani. Kafin in keta gari in isa asibiti ya riga ya cika.

Ba zan ba da labarin kwanakin farko ba, don ba na tuna su sosai. Na san gidan ya cika da mutane, na san an yi ta ba ni abu in sha. Abin da na fara ji da hankalina shi ne wasu mata biyu cikin masu zaman makoki suna magana ƙasa-ƙasa a kan tagogin. Ɗaya ta ce, gidan mutuwa kuma an shanya atamfofi ja da rawaya kamar ana jeren amarya. Ɗayar ta ce ai kin san 'yan Abuja. Da da ne da sun ji abin da bai yi musu daɗi ba, amma ranar ko ɗaga kai ban iya yi ba.

Bayan sadakar bakwai jama'a suka watse, ya rage ni kaɗai, don Allah bai ba mu haihuwa ba. Na shiga takaba, kuma niyyata ɗaya ce: in yi ta a gidan nan. Addini ma haka ya ce, mace ta zauna a ɗakin mijinta har ta gama. Amma ba zan yi ƙarya in ce hukuncin kaɗai na bi ba. Rigarsa tana rataye bayan ƙofa inda ya bar ta. Takalmin nan mai ƙafa ɗaya babba yana ƙarƙashin gado. Kowane bulo na gidan na san watan da muka ƙuntata wa kanmu muka saya. Ina so in yi kukana a inda abubuwansa suke, ba inda za a riƙa ce mini in yi haƙuri in ci abinci ba.

Yayana, wanda yake tsaye a matsayin uba tun rasuwar mahaifinmu, bai ga haka ba. Ya zo daga Kano, kuma kafin ya koma ya zaunar da ni a falo. Ya nuna tagar ɗakin kwana da haɓarsa. A filin da ke jikin namu wani yana gina bene, an kafa gorori, leburori suna hawa suna sauka tun safe har la'asar, kuma daga sama tagogina a tafin hannunsu suke. In iska ta taso, zanen ya ɗaga, sai mu haɗa ido da mai ɗauke da kwanon siminti.

"Ke kaɗai, ga maza a kanki, ga taga a buɗe," in ji shi. "Na tambayi malamai. In babu sutura ko akwai tsoro, ya halatta ki tashi. Umma ta ce ki taho gida."

"Yaya, labule yana hanya. Shi da kansa ya saya."

"To a shiga kasuwa yau a sayo wani, a rufe tagogin nan."

"A'a. Nasa nake jira."

Ya daɗe yana kallona. Yayana ba mugu ba ne, mutum ne da ya saba in ya faɗi magana a yi. Daga ƙarshe ya ce zai dawo sadakar arba'in. In ya tarar tagogin a rufe ruf yadda ya kamata, zai lallashi Umma in zauna. In bai tarar ba, in haɗa kayana kafin ya yi magana. Na ce na yarda. Na san ba labule ne kaɗai damuwarsu ba, ba sa son zamana ni ɗaya ko da bangon ƙarfe ne. Amma a kan labule muka ƙulla, shi na riƙe.

Haka na zauna jiran kaya kamar mai jiran mutum. Wayar mijina tana hannuna, kullum ina sa ta a caji, don ta nan ake turo inda kayan suka kai. Yau a ce sun bar wata tashar jirgin ruwa, gobe a ce suna Legas, jibi a yi shiru. Ni da na tsani wayar nan yana raye, na koma ba na ajiye ta. Da rana ba na kusantar taga. Nakan zauna a ƙasa a lungun da ke tsakanin gado da bango, inda ba a hango ni daga sama, in yi lazimi a nan, in ci abinci a nan, wata rana barci ya ɗauke ni a nan.

Wadda ta riƙe ni a kwanakin nan maƙwabciyata ce, tsohuwar da muka sayi filin a hannun danginta. Gbagyi ce ita ma, Kirista, tana sayar da doya a bakin titi. Mama nake ce mata, Hausarta kuwa ba ta raba "ka" da "ki". Ba ta san dokokin takaba ba, amma ta tambaya, kuma da ta ji ba na fita sai ta ɗauke mini cefane da zubar da shara ba tare da na roƙa ba. Kullum da yamma za ta leƙo ta ce, "'Yata, kaya ya zo?" In ce bai zo ba. Ta ce, "Zai zo. Ka ci abinci."

Kayan sun zo saura 'yan kwanaki a yi sadakar arba'in. Wayarsa ta yi ƙara da hantsi, na ɗauka, wani ya ce, "Oga yana gida? Ina junshon da kayansa." Ya sake cewa, "Halo, Madam, ba oga waya ya yi mini kwatance." Na ce oga ba ya nan, na yi masa kwatancen da kaina. Mama ce ta karɓi kayan a ƙofa, dogayen kwalaye, ta jawo su falo ɗaya bayan ɗaya. A jikin kowane kwali an manna sunansa.

Ta kira wani kafinta ɗan cocinsu ya zo da injin huda bango. Na shige kicin na rufe ƙofa ina jin ƙarar injin ɗaki-ɗaki, zuciyata har wani sanyi take yi. Can na ji ƙarar ta tsaya, na ji suna magana da yarensu, maganar ta yi tsawo. Bayan ya tafi Mama ta ƙwanƙwasa ta ce, "Zo ka gani."

Labulen ya sauka har ƙasan taga, tsawonsa bai da laifi. Faɗin ne bai kai ba. A kowane gefe an bar tazara kamar tafin hannuna, dama da hagu, daga sama har ƙasa. Na je ɗaya ɗakin, haka. Na je falo, haka. Ko wace taga, babba da ƙarama, tazarar iri ɗaya ce, kamar da gangan aka yi. Ta gefen na hango ƙafafun wani lebura a kan gora. Na ja sarƙar sama, na sake saukewa, kamar hakan zai sa ya faɗaɗa. Na duba wayar in ga ko za a iya mayarwa, suka ce abin da aka yanka a kan awon da mai saye ya tura ba ya komawa. Na kira lambar da ke wurin, wata murya da aka naɗa ta yi ta gode mini da haƙurin jira har katin ya ƙare.

Da la'asar ranar ina zaune a lunguna sai rana ta juyo ta bugi tagar ɗakin kwana. Ɗakin gaba ɗaya ya koma kore, wani kore mai taushi, ya kwanta a kan gado, a kan rigarsa, a kan hannuwana. Daidai yadda ya faɗa. Ban taɓa zuwa gindin mangwaron babansa ba, an sare shi kafin aurenmu, amma na gane shi. Na ce a fili, ni kaɗai, "To, ka yi gaskiya, yi haƙuri." Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, har Mama ta ji daga gidanta ta shigo.

Washegari mai labulen ya zo gaisuwa. A kasuwa ya ji labarin rasuwar, a makare. Mama ta shimfiɗa masa tabarma a baranda, ni ina daga bayan ƙofa. Ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, amma bai tashi ba. Ta tsagar ƙofa na ga yana kallon tagar falo.

"Madam," ya ce, "wannan awo, nawa ne."

Na ce na sani, ai shi ya auna.

"Ba haka nake nufi ba. Lambar da na faɗa wa oga, ba shi ne lambar gaskiya ba."

Ya yi bayani kansa a ƙasa. Ya ce abin ya ishe su a kasuwa. Mutum zai kira ka, ka rufe shago, ka biya babur, ka auna gida kaf, ya ce zai neme ka, ashe a waya zai saya. Don haka masu labule suka koyi dabara. In suka ga mai gida yana bin su yana rubuta lamba, ta gaskiya sai su riƙe a kansu, wadda za su faɗa da baki su rage mata kaɗan a faɗi. In kai ne za ka yi aikin, ba asara, ka san awonka. In a waya aka saya, kaya zai zo bai rufe ba, dole mutum ya dawo wurinka.

"Na ce oga zai zo shago yana fushi, mu yi dariya, in gyara masa. Wallahi ban san zai mutu ba."

Ban san lokacin da na buɗe ƙofar ba, ni da ba a so namiji ya ga fuskata. Na ce, "Baba, shekara nawa kana cin kuɗina? A gidana ka sha ruwa kana faɗa mana ƙarya taga-taga? Ka san abin da ka ja mini?" Ya ce zai yi sabo da kayansa, ba sai na biya ba, amma yadin da zai isa manyan tagogin nan sai an kawo daga Legas, sai wani mako. Na ce wani mako ba ni da shi, jibi yayana zai zo. Na ce ya tashi ya bar mini gida. Ya tashi, ya naɗe tabarmar da kansa ya jingine. Na san abin da mijina ya yi masa ma ba daidai ba ne, na faɗa tun ranar. Amma mijina yana kabari, shi kuwa yana gabana, shi ya sha faɗan.

Yaya ya zo sadakar arba'in. Bayan an yi addu'a an raba waina mutane sun tafi, ya zagaya gidan hannunsa a baya. Na riga na yanka wani tsohon zanen gado fari na liƙa a gefe-gefen da fil, amma iska ta ɓalle rabi. Ya ce wa Mama ta shiga ɗakin kwana ta tsaya, a sauke labulen. Shi kuma ya fita, ya yi wa leburori sallama, ya hau benen da ake ginawa da babbar rigarsa, yana tattare ta kada ta kwashi siminti. Ina falo ina jira. Ya sauko ya shigo ya zauna.

"Ɗankwalinta shuɗi ne mai ɗigon fari," ya ce. "Tana riƙe da tsintsiya."

"Yaya, a shiga kasuwa yanzu a sayo na yadi. Kafin magariba an rataya."

"Haka na ce tun farko, kika ƙi. Yanzu Umma ta ce kada in shigo mata gida ba ke. Ba ta barci saboda ke. Kin yi alkawari."

Na yi masa magiya, na yi masa tsiwa irin wadda ban taɓa yi masa ba tun ina yarinya, na ce ba gidansa ba ne, ba mijinsa ba ne. Ya bar ni na gama, ya ce in ɗauki abin da zan ɗauka. Da safe na haɗa jaka ɗaya. Rigar mijina na bar ta a bayan ƙofa, don na ga in na cire ta gidan ya zama kango. Na sauke korayen labulayen duka, na kulle, na bai wa Mama makulli ta riƙa buɗewa iska na shiga.

A Kano na ƙarasa takaba, a ɗakin da na yi 'yammatanci. Labulensa mai kauri ne har ninki biyu, ko ƙuda bai isa ya leƙo ba. An kula da ni iyakar kulawa, ba zan ci amanar kowa ba. Amma babu abu ɗaya a ɗakin da mijina ya taɓa taɓawa. Mutane suna shigowa suna fita, ana yi mini nasiha, ana kawo labarin wadda ta fi ni shiga uku. Na kasa kuka a gidan, sai ciwon kai. Lokaci-lokaci wayarsa takan yi ƙara, masu labulen intanet ne suna tambayar ko ya ji daɗin kayansa, suna roƙon ya ba su taurari. Abin da nake riƙe da shi a raina shi ne zan koma, in zauna a lunguna da la'asar, ɗakin ya yi kore. Tazarar ma na daina jin haushinta. Na ce in na koma zan bar ta haka.

Ranar da na fita takaba na yi wanka na sa sabon zane kamar yadda ake yi, kwana biyu bayan nan na hau mota. Na iso Jikwoyi da la'asar. An gama benen, an yi masa fenti, har an tare. Mama ta taro ni da gudu-gudunta na tsufa, tana ta murna, tana cewa in zo in ga abin mamaki. Ta buɗe ƙofa.

Falon duhu ne. Ta kunna wuta. A kowace taga akwai labulen naɗi sabo, ruwan ƙasa, kalar da na zaɓa a kundin nan ranar Asabar. Ya rufe daga bango zuwa bango, ko allura ba za ta wuce ta gefe ba. Na shiga ɗakin kwana. Rana tana bugun tagar a daidai lokacin, na sani don bangon da ɗumi, amma ko ɗigon haske bai shigo ba.

"Mai labule ya zo bayan ka tafi," in ji Mama. "Ya roƙe ni, ya ce bai iya barci. Shi da kansa ya sa, bai karɓi komai ba. Ya yi kyau, ko?"

"Ina koren?"

"Ya tafi da shi. Ai bai da amfani."

Ta yi don ta faranta mini, shi ma haka. Na dubi fuskarta tana jiran in yi murna, na ce ya yi kyau, na gode. Da ta fita na zauna a bakin gado a cikin duhun. Ban taɓa jin gidan ya zama ba nawa ba sai ranar.

Na je kasuwar Karu washegari. Mai labulen ya gan ni ya miƙe tsaye, yana ta sunkuyar da kai. Ban yi faɗa ba, faɗan ya ƙare mini. Na ce korayen nake so, ko ɗaya ne. Ya shafa kansa. Ya ce bai san zan nema ba. Yadin mai kyau ne, ya ga kada ya lalace, sai ya yayyanka ya yi wa masu ƙananan tagogi. Wasu 'yan Mararaba ne, wasu bai ma san inda suke ba. Ya duba ƙarƙashin teburinsa ko akwai ƙyalle, babu, an share. Guda ɗaya ya tuna, wani shagon aski kusa da junshon ɗinmu.

Shagon yana nan har yau, a hannun dama in za ka fita titin Nyanya. Tagarsa 'yar ƙarama ce, kuma koren ya rufe ta daidai. Na taɓa tsayawa na aika a tambayi mai shagon ko zai sayar mini, ya ce kwastomominsa suna son sa, yana sa wurin sanyi. Mace ba ta shiga shagon askin maza ta nemi kujera ta zauna, don haka ban taɓa ganin yadda cikin yake ba in rana ta buga. In na taso daga aiki da yamma cunkoso ya tsayar da ni a wurin, nakan sauke gilashi in duba. Daga waje bayansa kawai ake gani, ya fara koɗewa. Can ciki wasu maza suna zaune a hasken ana yi musu aski suna gardamar ƙwallo. Nakan tsaya har na bayana ya danna hon, sannan in ja mota in tafi gida.